Wayoyin sitonmu na Aboabo: kundin aiki daga Janairu zuwa Yuni 2025

Litinin, 13 ga Janairu

Yau Kawu ya danƙa mini aikin da muka shafe watanni muna kai-kawo a kansa, wato tsara yadda ma'aikatanmu za su riƙa amfani da waya wajen karɓar oda, karɓar kuɗi da kai kaya, ta yadda harkar gidan ba za ta zauna a aljihun mutum ɗaya ba. Sana'armu sarin hatsi ce: masara daga Ejura da Techiman, wake da gero da dawa daga Tamale da Bolgatanga, sito a unguwar Aboabo, ƙaramin kanti kuma a Alabar, duk a birnin Kumasi na ƙasar Ghana. Abin da ya fitar da maganar daga hira ta zama aiki shi ne tafiyar wani yaronmu a ƙarshen shekarar da ta wuce. Ya yi shekara huɗu yana karɓar odar matan kasuwar Kejetia da na kasuwar Asafo a WhatsApp ɗinsa, da ya samu wani aiki a Accra sai ya tafi da wayarsa, kamar yadda yake da haƙƙi, lambobin abokan ciniki sama da ɗari da lissafin bashin wasunsu kuma suka bi shi. Bai ci amanar kowa ba. Mu ne ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu na wane ne abin da ke cikin wayar ba.

Kawu ya ce, "Kai ne akawu, kai ka yi boko. Ka nemo yadda manyan kamfanoni ke yi, ka rage mana shi daidai wuyanmu." Na ce, "To, Kawu, amma sai an ba ni lokaci na yi karatu kafin a sayi ko da caja ce." Ya ba ni zuwa Babbar Sallah.

Saboda haka wannan kundi zai ɗauki abu biyu tare: abin da aka yi a sito, da wuraren da nake samun ilimin abin a intanet. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne, duk majiyar da na bi wata uku ba ta sa na sauya ko shawara ɗaya ba, zan daina ɓata mata data.

Laraba, 22 ga Janairu

Na ƙirga wayoyin gidan. Mutum 19 ne ke taɓa oda ko kuɗi, daga direbobi da yaran mota zuwa masu kula da sito da kanti. Goma sha huɗu na riƙe da manyan wayoyi, biyar kuma na riƙe da ƙananan masu madanni, irin waɗanda ake kira yam a nan garin. A cikin manyan, in ban da Samsung biyu da iPhone ɗaya ta ɗan Kawu, duk Tecno ne da itel da Infinix, waɗanda kamfani ɗaya ke ƙerawa, wato Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin.

Na bi kowace waya na shiga saitinta na duba ranar da aka yi mata sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Huɗu sun tsaya tun 2021, masu su kuma sun gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa duk lokacin da saƙon sabuntawa ya fito kore shi suke yi, don kada ya cinye musu data. Wayoyi shida ba su da kulle ko kaɗan. Ta wani yaron mota kuwa an ɗaure bayanta da roba, ya rubuta lambar sirrinsa ta momo, wato asusun kuɗin waya, a guntun takardar buhun siminti ya cusa a ƙarƙashin robar.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Makonni biyu ke nan ina karatu bayan Isha'i, kuma wahalar farko da na ci karo da ita ta suna ce. Fannin kula da wayoyin aiki ya sauya suna sau biyu. Da farko ana kiransa MDM, wato kula da wayoyin ma'aikata daga nesa. Wajen 2014 kamfanin nazari na Gartner, wanda manyan ma'aikatu ke dubawa kafin su sayi irin wannan kaya, ya koma kiransa EMM saboda an ƙara masa kula da manhajoji da takardu, a 2018 kuma ya zama UEM, domin allo ɗaya ya haɗa waya da kwamfuta. Wanda ya yi bincike da tsohon sunan kaɗai, tsofaffin bayanai za su fi fito masa, shi kuma ba zai gane ba sai ya je gwadawa.

Haka kamfanonin ma suka riƙa sauya hannu. VMware ta sayi AirWatch a 2014, yanzu kuma kayan na ƙarƙashin wani kamfani mai suna Omnissa tun 2024. BlackBerry ta sayi Good Technology a 2015, Ivanti ta sayi MobileIron a 2020. Na kwana biyu ina nazarin wani dogon bayani mai tsari, har na cika shafi huɗu na littafina, kafin na lura cewa hanyar da yake koyarwa ita ce tsohuwar hanyar ba wa manhaja ikon shugabancin waya, wadda Google ya fara janyewa tun Android 9 da 10. Daga ranar na ɗauki al'adar duba kwanan wata kafin in karanta layin farko, in kuwa babu kwanan wata, in wuce.

Cikakkun rahotannin Gartner na kuɗi ne, kuɗin da ba na irinmu ba. Kamfanonin da aka yaba a ciki sukan raba kofe kyauta, amma sai ka bar musu sunanka da lambar wayarka. Na bar tawa a wuri ɗaya, kuma tun daga nan wani mai talla yake kirana, sau biyu ina cikin auna masara, yana tambayar ma'aikata dubu nawa muke da su. Da na ce 19 ne, sai muryarsa ta yi sanyi. Ban ga laifinsa ba, domin yawancin abin da ake rubutawa a wannan fanni an rubuta shi ne don ma'aikatar da kowa ke da imel na aiki, kamfani ne ya sayi wayar, sabis kuma ba ya yankewa. A cikin ukun nan babu wanda muke da shi. Amfanin da na samu daga manazartan shi ne sanin sunayen manyan 'yan kasuwar da kalmomin da zan yi bincike da su, iyakarsa ke nan.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Abin da ya fi yi mini amfani zuwa yanzu shi ne bayanan da Google da kansa ya wallafa kan Android Enterprise, da na Microsoft kan Intune, da na Samsung kan Knox, wato tsarin kowannensu na kula da wayoyin aiki. Babu daɗin karatu a cikinsu, amma su ne ke faɗin abin da wayar za ta iya da wanda ba za ta iya ba, kuma ana gyara su idan abu ya sauya. Daga nan na fahimci hanyoyi uku. Akwai wayar da kamfani ya mallaka yake iko da ita gaba ɗaya. Akwai wadda aka kulle a kan aiki ɗaya tak, kamar ta kan teburin kanti. Sai kuma ta ukun, wadda ta fi jan hankalina: wayar ma'aikaci ce, amma a keɓe mata sashen aiki a ciki, kamar shago a jikin gida mai ƙofarsa daban. Manhajojin sashen aiki na ɗauke da 'yar alamar jaka, kamfani na iya goge sashen kaɗai idan mutum ya bar aiki, kuma ba ya ganin hotuna ko saƙonnin da ke ɗaya ɓangaren.

Na buɗe asusun gwaji na wata guda a wani kamfanin MDM, muka zauna ranar Asabar a kan buhuna a ƙofar sito. Waya ɗaya da Kawu ya saya sabuwa na mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, na taɓa allon maraba sau shida kamar yadda bayanin ya ce, kyamara ta buɗe, na nuna mata lambar QR, cikin minti goma ta shigo hannuna. Yaran sito suka yi ta mamaki kamar na yi dabo. Sashen aikin ne ya ba mu wahala: a wasu wayoyi ya shiga, a biyar ya ƙi, kuma duk biyar ɗin masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ne da ke aiki da sassauƙan Android Go. Google na da jerin wayoyin da ya amince da su don aikin kamfani, tsarin da ya fara a 2018, kuma da na fara duba shi da ban sha wannan rana ba.

Amma babbar matsalar ba daga na'ura ta zo ba. Direbanmu na hanyar Tamale, wanda ya fara tuƙa wa Kawu tun ina makarantar firamare, ya miƙo mini wayarsa sannan ya janye hannu. Ya ce, "Ɗana, wannan abin da za ka sa, zai nuna maka inda nake?" Na ce, "Baba, sai in an kunna masa hakan, ni kuma ban kunna ba." Ya ce, "Wanda bai kunna yau ba, gobe zai iya kunnawa. Shekara ashirin ina ɗauko wa Alhaji kaya, ko mudu bai taɓa ɓata ba." Ya mayar da ita aljihun gaban rigarsa ya danne maɓalli. Ban ja da shi ba. Na rubuta a littafina cewa direbobi uku sai dai a saya musu wayar aiki daban, wadda za su iya ajiyewa a mota idan sun sauka.

Alhamis, 6 ga Maris

Hutun ranar 'yancin kai, ga azumi ya kama. A wannan makon ake babban taron shekara-shekara na GSMA, ƙungiyar kamfanonin sadarwar waya ta duniya, a Barcelona, na bi labarinsa dare biyu bayan asham. Kusan duk maganar ƙirƙirarriyar basira ce da 5G. Babu abin da na ɗauka. Odar gero da wake ta ninka saboda koko da ƙosan shan ruwa, don haka aikin wayoyi zai ɗan dakata.

Talata, 18 ga Maris

Na yi tafiya da motar Tamale, zuwa da dawowa, da nufin in ga da idona inda sabis ke ɗaukewa. Zuwa kaɗai ya kai kilomita 380, ta Offinso, Techiman, Kintampo, Buipe da Yapei. Na riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, ina rubuta wurin da kowanne ya mutu da inda ya farfaɗo. Cikin garuruwa babu damuwa. Tsakanin Kintampo da Buipe ne data ke zuwa tana tafiya, kira da lambobin da ake dannawa masu farawa da alamar tauraro irin na momo kuwa sukan shiga ko a inda intanet ta gaza. A ƙauyukan da muke ɗaukar kaya a bayan Tamale, wani lokacin sai yaron mota ya hau saman lodi kafin saƙo ya fita.

Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, tana fitar da alƙaluman masu layi na kowane kamfani da rahoton ingancin sabis, kuma daga can na tabbatar da abin da kowa ke gani, cewa MTN ce ke riƙe da kaso mafi girma na kasuwar, har hukumar ta ayyana ta a matsayin mai rinjaye a 2020. Can ne kuma mutum zai bi sauyin sunaye ba tare da ruɗewa ba: AirtelTigo ta koma AT a 2023, Vodafone ta koma Telecel a 2024. Alƙaluman na da amfani wajen sanin layin da yawancin abokan cinikinmu ke riƙe da shi, sai dai ba za su gaya maka abin da ke faruwa a wata kwana bayan gadar Buipe ba. Wannan sai littafin direba, kuma na roƙi ukunsu su riƙa yi mini alama.

Hukuncin da na yanke shi ne, duk manhajar da ba ta aiki sai da intanet ba za ta shiga motarmu ba. Ba mu manta 14 ga Maris na bara ba, ranar da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, ƙasar nan da maƙwabtanta suka yi kwanaki cikin matsalar intanet. Don takardar lodi da ta sauke kaya na zaɓi KoboToolbox, wadda ƙungiyoyin agaji ke tattara bayanai da ita a karkara: ana cike fom a waya babu sabis, a ɗauki hoton buhuna, idan an shigo gari ya tura kansa. Na gina fom mai tambaya takwas. Yaron motar Tamale ya ce ya yi yawa ga mai azumi a tsakar rana, muka mayar da shi biyar.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Jiya shugaban ƙasa John Mahama ya sa hannu a dokar da ta soke harajin tura kuɗi ta waya, wanda aka fara karɓa a watan Mayu na 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023. Labarin ya iso sito ta bakin mutane kafin azahar, kowa da irin nasa, wani ma ya ce har kuɗin cirewa an soke. Ban sauya komai a lissafi ba sai da na ga sanarwar hukumar tara haraji, GRA. Wannan ya zame mini ƙa'ida a duk abin da ya shafi kuɗi: jarida ta sanar da ni cewa wani abu ya faru, takardar hukuma ta gaya mini mene ne.

Soke harajin ya taɓa tsarinmu kai tsaye, domin wasu daga cikin matan Kejetia sun koma biyan tsaba ne tun 2022 don gudun cirar. Yanzu ina sa ran za su dawo, kuma ina so su dawo ta ƙofa ɗaya. A halin da ake ciki kuɗin gidan na shiga layukan mutum biyar, kowanne da sunansa da katinsa na ɗan ƙasa aka yi wa rajista, wanda ke nufin a idon doka kuɗin nasu ne. Mun fara neman asusun ɗan kasuwa da sunan sito, tare da lambar GhQR, wato lambar QR ta biyan kuɗi, da za a manna a kanti. Tun Mayun 2018 da GhIPSS, cibiyar Babban Bankin Ghana mai kula da hanyoyin biyan kuɗi, ta haɗa hanyoyin, mai Telecel ko AT na iya biyan mai MTN kai tsaye, saboda haka babu hujjar riƙe layuka barkatai.

Wani abu da ya faru a daren Sallah ya ƙara mini ƙaimi. Wani mutum ya zo kanti da aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya ɗauki buhu uku na masara, ya nuna wa yaronmu cewa ya tura kuɗi, saƙo kuma ya shigo wayar yaron da adadin daidai. Sai bayan ya tafi aka duba asusu aka tarar babu ko pesewa. Da na karɓi wayar na ga saƙon daga lambar mutum ya fito, an kwaikwayi lafazin na gaskiya har da lambar ciniki. Doka ta farko da na rubuta da babban baƙi na manna a bangon kanti ita ce, kaya ba ya hawa mota sai an duba ragowar kuɗin asusu, ba saƙo ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Rahoton GSMA na bana kan harkar kuɗin waya ya fito a wannan watan, kyauta ne, kuma yana cikin 'yan rahotannin duniya da ke magana kan irin kasuwarmu. Ya nuna cewa a 2024 asusun da aka yi wa rajista a duniya sun haura biliyan 2, kuɗin da ya ratsa ta cikinsu kuma ya kai kusan dala tiriliyan 1.7, kaso mafi tsoka a Afirka kudu da Sahara. Na karanta wa Kawu wannan, ya ce, "To, nawa ne namu a ciki?" Tambayar ta yi daidai. Rahoton na nuna inda harkar ta dosa, musamman yadda biyan 'yan kasuwa ke ƙaruwa, amma don lissafin gida na fi komawa ga taƙaitattun alƙaluman da Babban Bankin Ghana ke fitarwa a lokacin zaman kwamitinsa na manufofin kuɗi, inda ake ganin adadin asusun momo masu aiki, wakilai da jimillar ciniki wata-wata. Sanarwar iyakar kuɗin da asusu zai iya riƙewa ko turawa a rana ma daga bankin take fitowa, kuma ga mai sarin da ciniki ɗaya kan kai dubban sidi, wannan iyaka ta fi duk wani hasashen duniya muhimmanci.

Sauran makon na ba wa maganar Baba direba, domin ta ƙi fita raina. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa duk mai tara bayanan mutane ya yi rajista da hukumar da ke kula da hakan, ya faɗi dalilin tarawar, kada kuma ya tara fiye da buƙata. Lambobin abokan cinikinmu da bashinsu sun shiga ciki, haka ma inda ma'aikaci yake a kowane lokaci. Ashe abin da dattijon ya ji a jikinsa, doka ta riga ta rubuta shi. Na kuma karanta jagorar hukumar NIST ta Amurka mai lamba SP 800-124, gyara na biyu da aka fitar a 2023. Doguwa ce, an yi ta don manyan ma'aikatu, amma tsarinta na fara lissafa haɗurra kafin a zaɓi magani ya taimake ni. Na jera namu: ɓatan waya, tafiyar ma'aikaci, saƙon bogi, sace WhatsApp, faɗawar waya ruwa. Bin sawun direba bai magance ko ɗaya daga ciki ba, sai na cire shi daga tsarin baki ɗaya.

Daga wannan na rubuta takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, mai faɗin abin da sito ke gani a waya da abin da ba ya gani. Na karanta wa kowa da baki, na fassara wa yara biyu da suka fi jin Twi da Dagbani. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce a ba shi kofe ya kai wa ɗansa ya duba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Jiya aka yi wa tsarin jarrabawar farko. Wayar aikin motar Techiman ta ɓace a tsakiyar kasuwa, ana cikin lodin masara, tsakanin kujerar gaba da teburin mai shayi. Yaron motar ya ari wayar wani dillali ya kira ni da ƙarfe 11 da 'yan mintuna, muryarsa na rawa. Na buɗe kwamfuta na kulle wayar, na jira zuwa la'asar ko wani mai tsoron Allah zai kawo ta, da ba a kawo ba na aika umarnin gogewa. Allon ya nuna umarnin na jiran wayar ta hau intanet, bai cika ba sai bayan Magariba. Wannan gibi ne da masu talla ba sa ambata: wayar da aka cire wa layi ba ta jin kiran kowa, abin da ke tsare ta a wannan tsakani shi ne kullen allo kaɗai. Takardun lodin safiya biyu da ba su riga sun tura kansu ba sun tafi, muka sake rubuta su daga bakin dillalai. Lambobin abokan ciniki kuwa suna nan a asusun sito, babu wadda ta ɓata, an kuma toshe layin an fitar da sabo da safiyar yau.

Na yi amfani da damar na bi duk wayoyin da ke da WhatsApp Business na kunna musu lambar sirri ta biyu mai alƙaluma shida. Hukumar tsaron intanet ta ƙasa, wadda dokar 2020 mai lamba 1038 ta kafa, ta sha fitar da gargaɗi kan masu kira su nemi lambar da ta shigo wayarka don su ƙwace asusunka, kuma tana da gajeriyar lamba, 292, ta kai ƙorafi. Gargaɗinta gajeru ne, kan damfarar da ake yi a ƙasar nan a wannan lokaci, shi ya sa nake karanta su ga yara da safe kafin a buɗe sito. Sanarwar tsaro ta Android da ke fita kowane wata kuwa ban iya fahimtar rabinta ba, abin da nake ɗauka a ciki shi ne kwanan watan, in gwada da na wayoyinmu.

Talata, 10 ga Yuni

Wa'adin Kawu ya cika da Babbar Sallah, na kai masa lissafi jiya bayan la'asar. Wayoyin aiki shida aka saya: uku na motoci, biyu na kanti da sito waɗanda aka kulle kan aikin karɓar kuɗi da oda, ɗaya tawa. Mutum bakwai sun amince da sashen aiki a wayoyinsu. Masu yam biyar sun ci gaba da abinsu, domin aikinsu kira ne, kuma ban ga dalilin ɗora musu abin da ba sa buƙata ba. Asusun ɗan kasuwa ya fara aiki tun ƙarshen Mayu, layuka uku daga cikin biyar na da sun daina karɓar kuɗin sito, biyun da suka rage na tsofaffin abokan ciniki ne da suka haddace lambar, sai a hankali.

Kuɗin hayar manhajar MDM da dala ake biya, kan kowace waya a wata. Lokacin da na yi kasafi a Fabrairu dala na sama da sidi 15, yanzu ta sauko ƙasa da 11, saboda haka Kawu ya ce a biya na shekara guda gaba ɗaya tun da sauƙi. Na ce, "Kawu, a biya na wata shida, domin ban gama yarda da su ba." Muka tsaya a haka.

Na kuma tace wuraren karatuna bisa sharaɗin Janairu. Bayanan Android Enterprise, sanarwar Babban Banki da ta GRA, gargaɗin hukumar tsaron intanet da alƙaluman NCA sun tsira, kowanne na iya nuna shawarar da ya sauya. Rahoton GSMA zan riƙa karanta shi sau ɗaya a shekara. Labaran sababbin wayoyi da hasashen kasuwa na kamfanonin nazari IDC da Counterpoint zan leƙa ne kawai idan za mu yi sayayya. Saƙonnin talla guda tara da ke cika mini imel na soke su a zama ɗaya.

Abin da ya rage: fom ɗin rajista da hukumar kare bayanai na cike rabi, ina jiran takardar rajistar kasuwancin daga wurin Kawu. Littafin bashi har yanzu na takarda ne, kuma Hajiya, wadda ke riƙe da shi tun kafin a haife ni, ta ce ba za ta saki ba sai ta ga na waya ya yi damina ɗaya bai yi kuskure ba. Baba ya dawo da kofensa na yarjejeniya da sa hannu, ya karɓi wayar aiki, amma a akwatin gaban mota take kwana, yaron motarsa ne ke cike fom. Motar Bolgatanga za ta tashi ranar Alhamis, ita ce ta farko da za ta gwada fom ɗin a bayan Walewale.